Brian Orakpo: Shekara goma a bayan sahu, da abin da rayuwarsa ta wasa ke nuna wa matasan Najeriya

A unguwar Manawashi da ke cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, idan aka ce ƙwallon ƙafa babu mai tambayar wacce ake nufi. Ita ce wadda yara ke bugawa a fili da la'asar, wadda ake cika gidajen kallo dominta ranakun Asabar da Lahadi, wadda kuma Gombe United ke bugawa a filin wasa na Pantami. A Amurka kuwa wannan suna na wani wasa ne daban, mai kama da zari-ruga, wanda hannu da ƙirji da kafaɗa suka fi ƙafa aiki a cikinsa.

Wasan bai yi suna a Arewa ba, amma 'ya'yan Najeriya sun daɗe da yin suna a cikinsa. A 'yan shekarun nan kuma hukumar NFL, mai shirya babbar gasar wasan, ta fara zuwa Afirka da kanta tana neman samari masu tsawo da ƙarfi da gudu. Saboda haka ya kamata iyaye da matasa su san irin sana'ar da ake kiran su zuwa gare ta. Rayuwar wasa ta Brian Orakpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta isa misali. Ya buga kaka goma daga 2009 zuwa 2018, ya samu ɗaukaka da dukiya, kuma sau uku tsokar ƙirjinsa tana yagewa a fili.

Yadda ake wasan

Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a cikin fili. Tsawon filin yadi 100 ne, kimanin mita 91, da ƙarin yadi goma a kowane ƙarshe inda ake cin maki. An ja layuka a faɗinsa bayan kowane yadi biyar. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, kuma ɗaukar ta ake yi a ruga da ita, ko a jefa wa abokin wasa.

Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi goma, wato gwargwadon shaddar da ake yanka wa mai son babbar riga da 'yar ciki da wando. Idan ya cika yadi goman sai a ba shi wasu dama huɗu. Idan ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki shida, wanda ya buga ta da ƙafa ta wuce tsakanin sanduna ya ci uku. Ana yin wasan zango huɗu, kowanne minti 15.

Wanda ya taɓa kallon langa ba zai sha wahalar gane tsarin ba. A langa akwai ruwa, wanda 'yan ɓangarensa ke karewa, abokan hamayya kuma suna neman hanyar da za su kai gare shi su kayar. A wasan Amurkawa ma akwai mutum ɗaya da duk harin ya rataya a wuyansa, suna kiransa kwatabak. Shi ne madugu: shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya miƙa ta ko ya jefa. A gabansa akwai ƙarti biyar da suka yi sahu domin kare shi, yawancinsu nauyinsu ya haura kilo 135.

Masu tsaron gida kuma kashi uku ne. Akwai na sahun gaba da ke gwabzawa da waɗannan ƙarti ƙirji da ƙirji. Akwai na can baya, masu saurin gudu, da ke bin waɗanda ake jefa wa ƙwallo. A tsakani kuma akwai masu tsaron bayan sahu, waɗanda ake kira lainbaka. Nan ne gurbin Orakpo.

Aikin mai tsaron bayan sahu

Ana son mai wannan gurbi ya haɗa abubuwan da ba kasafai suke haɗuwa a jiki ɗaya ba. Sai ya yi ƙarfin da zai ture wanda ya fi shi nauyi, ya yi gudun da zai kamo wanda ya fi shi sauƙin jiki, sannan cikin daƙiƙa ɗaya ya gane ko gudu za a yi da ƙwallon ko jefa ta za a yi. Na tsakiya su ne ke karanta dabarar abokan hamayya su tsara 'yan uwansu. Na gefe, irin su Orakpo, babban aikinsu shi ne su zagaye sahun ƙartin nan su isa ga madugu tun bai saki ƙwallo ba, kuma lokacin da suke da shi bai cika wuce daƙiƙa uku ba.

Kayar da madugu a bayan sahunsa yana riƙe da ƙwallo shi ne ma'aunin da ake auna irin waɗannan 'yan wasa. NFL ta fara ƙirga shi a hukumance a 1982. Idan mutum biyu suka haɗu suka kayar, ana rubuta wa kowa rabi, shi ya sa ake ganin adadi irin su 8.5 ko 10.5. Wanda ya kai kaye goma a kaka ɗaya ana lissafa shi cikin gwanaye. Lawrence Taylor na New York Giants ne ya ɗaga darajar wannan gurbi, har aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya a 1986, abin da da wuya mai tsaron gida ya samu.

Daga Houston zuwa Jami'ar Texas

An haifi Brian Orakpo ranar 31 ga Yuli, 1986, a birnin Houston na jihar Texas, ɗaya daga cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka. Iyayensa daga Najeriya suka yi ƙaura zuwa can. Ya yi sakandare a makarantar Lamar da ke birnin, daga nan Jami'ar Texas da ke Austin ta ɗauke shi a 2004, lokacin Mack Brown ne mai horar da ƙungiyarta.

A nan akwai bambanci babba da ƙwallon ƙafar da aka sani. A Najeriya ko Turai yaro na iya shiga makarantar horo ta kulob yana ƙarami, ya fara karɓar albashi tun bai kai shekara 18 ba. A Amurka makaranta ce hanya. Dokar NFL ta hana a zaɓi ɗan wasa sai ya cika shekara uku da gama sakandare, kuma kusan kowa a jami'a yake yin waɗannan shekaru, yana wasa yana karatu. Wanda ya faɗi a aji ana iya hana shi shiga fili.

Orakpo na cikin tawagar Texas da ta ci kofin jami'o'in ƙasar na kakar 2005, bayan ta doke Jami'ar Kudancin California da maki 41 da 38 a watan Janairun 2006. A lokacin yana cikin ƙananan 'yan wasa. Tauraruwarsa ta haska sosai a 2008, shekararsa ta ƙarshe, inda yake buga gefen sahun gaba. A wannan kaka Texas ta ci wasa 12 ta faɗi ɗaya, shi kuma ya karɓi manyan lambobin yabo uku da ake bai wa masu tsaron gida da 'yan sahu: na Nagurski, da na Lombardi, da na Hendricks. Tun a jami'a, sai dai, jiki ya fara ba da sanarwa, domin raunin gwiwa ya hana shi wasu wasanni a 2007 da 2008.

Kafin zaɓen sabbin 'yan wasa, NFL kan tara su a birnin Indianapolis a auna tsawonsu da nauyinsu da gudunsu, likitoci su duba kowace gaɓa. Orakpo yana da tsawon kimanin mita 1.93 da nauyin kilo 117. A gwajin ɗaga ƙarfe daga kwance ya ɗaga kilo 102 sau 31 a jere, wato nauyin buhun siminti biyu da 'yan kai. Ƙarfin ƙirjin nan shi ne jarinsa, kuma nan ne daga baya ciwo ya riƙa kama shi.

Shekarun Washington

NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma ba ciniki ake yi wajen ɗaukar sabbin 'yan wasa ba. Zaɓe ake yi zagaye bakwai, ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. A watan Afrilun 2009 ƙungiyar Washington, wadda a lokacin ake kira Redskins, yanzu kuma Commanders, ta zaɓi Orakpo a matsayi na 13 cikin sama da mutum 250. Ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na kimanin dala miliyan 20.

Masu horarwa suka janye shi daga sahun gaba suka mayar da shi bayan sahu, aikin da bai saba ba, wanda ya ƙunshi bin masu karɓar ƙwallo a fili. Duk da haka ya kayar da madugu sau 11 a kakarsa ta farko. Huɗu daga ciki a wasa ɗaya ya yi su, ranar 13 ga Disamba, 2009, a gidan Oakland Raiders. Aka zaɓe shi zuwa Pro Bowl, wasan da ake tara zaratan gasar a ƙarshen kaka, alhali ƙungiyarsa wasa huɗu kawai ta ci cikin 16.

A 2010 aka kawo Mike Shanahan ya ja ragamar ƙungiyar, ya sauya tsarin tsaro daga mutum huɗu a sahun gaba da uku a bayansu zuwa uku a gaba da huɗu a baya. Wannan tsari ya fi dacewa da Orakpo, domin ya sake shi ya riƙa farautar madugu daga gefe.

Wasan farko na wannan kaka ya nuna wani ɓangare na aikinsa da ba ya shiga lissafi. Washington na gaban Dallas Cowboys da maki 13 da 7, saura yunƙuri ɗaya a tashi. Madugun Dallas, Tony Romo, ya jefa ƙwallo aka cafe a gidan maki, kowa ya ɗauka Dallas ta ci. Sai alƙali ya jefa tutar laifi: Alex Barron, wanda aka ɗora wa tsare Orakpo, ya maƙale masa wuya da hannu saboda ya kasa tare shi ta hanyar da doka ta yarda. Aka soke makin, aka tashi Washington na da nasara. Ba a rubuta wa Orakpo kaye ko ɗaya a wannan yunƙuri ba, amma shi ya ci wasan.

Ya gama 2010 da kaye 8.5 da zuwa Pro Bowl karo na biyu. A 2011 ya yi tara, shekarar da aka zaɓo Ryan Kerrigan ya tsaya a ɗaya gefen, suka zama tagwayen da ke matsa wa madugai lamba ta dama da hagu.

Tsokar ƙirji

A wasan ƙarshe na kakar 2011, da Philadelphia Eagles, Orakpo ya ji rauni a tsokar ƙirjinsa ta hagu, aka yi masa tiyata. Ya murmure ya dawo, amma a wasa na biyu na kakar 2012, da St. Louis Rams a watan Satumba, wannan tsoka ta sake yagewa. Kakar ta ƙare masa ke nan da wasa biyu da kaye ɗaya.

Wannan tsoka ita ce ke haɗa ƙirji da ƙashin dantse, ita ke jawo hannu zuwa jiki, da ita kuma ake turi. Mai farautar madugu da ita yake rayuwa. Da ita yake ture ƙaton da ya tare shi, da ita yake miƙa hannu ɗaya ya cafko mai gudu. Idan hannun yana miƙe, nauyin wani ya fizge shi baya da ƙarfi, jijiyar da ta riƙe tsokar tana iya ɓallewa daga ƙashi. Gyaranta sai an ɗinke ta a mayar, sannan a yi watanni ana motsa hannun sannu a hankali kafin a koma ɗaga ƙarfe.

Abin da ya ƙara wa raunin ɗaci shi ne, cikin shekara shida da Orakpo ya yi a Washington, 2012 ce kaɗai shekarar da ƙungiyar ta yi abin kirki. Ta ci wasa goma, ta zo ta ɗaya a rukuninta da sabon madugu Robert Griffin na Uku, ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Orakpo daga gefen fili ya kalli wannan duka.

A 2013 ya dawo da ƙarfinsa. Ya yi kaye goma, kuma a watan Oktoba ya cafe ƙwallon da madugun Chicago Bears, Jay Cutler, ya jefa, ya ruga da ita yadi 29 ya ci maki. Aka kira shi Pro Bowl karo na uku, ita kuwa ƙungiyar wasa uku kawai ta ci.

Yadda ƙungiya ke lissafin jikin ɗan wasa

Kwantiraginsa ya ƙare a wannan lokaci, kuma abin da ya biyo baya yana bayyana yadda kuɗi ke tafiya a gasar. A ƙwallon ƙafar Turai, idan ɗan wasa ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu, albashinsa na shekara huɗun ya tabbata ko da ya karye. A NFL yawancin kwantiragi wani kaso ne kawai ake lamuncewa, ragowar kuma ƙungiya na iya sallamar mutum ta huta da biya. Shi ya sa kowane ɗan wasa yake neman dogon kwantiragi mai babban lamuni tun jikinsa na da lafiya.

Washington ba ta ba Orakpo wannan ba. Ta yi amfani da wata dama da yarjejeniyar gasar ta bai wa kowace ƙungiya, ta riƙe ɗan wasa ɗaya na shekara guda a kan albashin da ake lissafawa daga na manyan masu buga gurbinsa. Ya karɓi kimanin dala miliyan 11 da rabi na kakar 2014. Kuɗi ne mai yawa, amma ma'anarsa a fili take: ƙungiyar tana son ta ga ko ƙirjin zai riƙe kafin ta ɗaure kanta. A zaɓen wannan shekara kuma ta ɗauko Trent Murphy, matashi mai buga gurbi ɗaya da shi.

Ƙirjin bai riƙe ba. A wasa na bakwai, a watan Oktoban 2014, da Tennessee Titans, tsokar dama ce ta yage a wannan karon. Ya gama kakar da rabin kaye. Washington ta bar shi ya tafi bayan wasa 71 da kaye 40, ta kuma zaɓo wani matashin, Preston Smith, a 2015.

Tennessee: dawowar da ba a zata ba

Ƙungiyar da ya ji rauni a wasa da ita, ita ce ta ɗauke shi. A watan Maris na 2015 Tennessee Titans, mai mazauni a birnin Nashville, ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 30, wanda ƙasa da rabinsa aka lamunce. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin kasada a kan mai shekara 28 da aka yi wa tiyata sau uku a ƙirji.

Orakpo ya buga duk wasanni 16 a 2015, ya sake bugawa duka a 2016, haka ma a 2017. Wasa 48 ke nan a jere ba fashi. Ya yi aiki a ƙarƙashin Dick LeBeau, dattijon da ya shahara wajen tsara dabarun tsaro tun yana Pittsburgh, tare da Derrick Morgan a ɗaya gefen. Ya yi kaye bakwai a 2015. A 2016 ya yi 10.5, ya je Pro Bowl karo na huɗu yana da shekara 30, ƙungiyar kuma ta tashi daga cin wasa uku zuwa tara. A 2017 ya ƙara bakwai.

A ƙarshen wannan kaka, bayan shekara tara a gasar, ya taka fili a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. A watan Janairun 2018 Tennessee ta je gidan Kansas City Chiefs, aka tafi hutun rabin lokaci ana cin ta 21 da 3, ta farfaɗo ta ci 22 da 21. Mako guda bayan haka New England Patriots ta fitar da ita da maki 35 da 14. Iyakar inda Orakpo ya kai ke nan a neman kofin Super Bowl.

A 2018 alamu suka bayyana. Sabon mai horarwa, Mike Vrabel, ya zo, ƙungiyar ta zaɓo Harold Landry mai buga gurbin Orakpo. Shi kuma ya yi kaye ɗaya da rabi a wasa 13, raunin gwiwar hannu ya hana shi wasannin ƙarshe. Ranar 31 ga Disamba, 2018, ya sanar da ajiye wasa yana da shekara 32. Jimillar aikinsa wasa 132 ne da kaye 66, wato kaye ɗaya a kowane wasa biyu.

Kafin ya ajiye, ya riga ya buɗe shagon sayar da kek na Gigi's Cupcakes a garin Bee Cave kusa da Austin, tare da Michael Griffin, abokin wasansa tun daga jami'a. Mutane sun yi ta raha da ganin ƙaton da ke kayar da madugai yana ƙawata kek, amma ya shirya wa ranar da fili zai sallame shi tun ba ta zo ba.

Raunin da ba a gani

Raunukan da suka fi damun Orakpo na tsoka da gaɓoɓi ne, waɗanda ake gani a ɗinke. Gurbin da ya buga yana da wani haɗarin da ya fi wannan, kuma ɗan Najeriya ne ya fito da shi fili. Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, wanda ya yi aikin likita a Jos kafin ya tafi Amurka, shi ne a 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh da ya rasu yana da shekara 50. Ya gano wata cuta da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali sakamakon yawan bugun kai, wadda ake taƙaita sunanta da CTE, ya wallafa bincikensa a 2005. Irin wannan lalacewa an daɗe da sanin ta a tsakanin 'yan damben zamani.

Da farko NFL ta ƙi amincewa da sakamakon. Daga baya hujjoji suka yi yawa. Junior Seau, ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron bayan sahu a tarihin gasar, ya kashe kansa a 2012 yana da shekara 43, bincike kuma ya tabbatar yana da cutar. A 2017 masana a Jami'ar Boston suka ba da rahoton samun ta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da suka bincika. Waɗannan ƙwaƙwale iyalai ne suka bayar, galibi saboda sun ga alamun ciwo, don haka adadin ba ya nufin kowane ɗan wasa zai kamu. Duk da haka ya isa ya sa wasu suka janye da wuri. Chris Borland ya bar wasa a 2015 yana da shekara 24 bayan kaka ɗaya tak, saboda tsoron abin da zai samu kansa. Luke Kuechly, wanda ya sha fama da bugun kai, ya ajiye a 2020 yana da shekara 28. Dukansu biyu gurbin bayan sahu suke bugawa.

Abin da ya shafi matasan gida

Christian Okoye, haifaffen Inugu, shi ne ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa. Ya je Amurka a matsayin mai jifan faifai, bai fara wannan wasa ba sai da ya haura shekara 20, amma a 1989 ya fi kowa a gasar cin yadi da gudu, a ƙungiyar Kansas City. Bayansa aka samu irin su Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, da 'yan uwa biyu Sam da Emmanuel Acho, waɗanda su ma a Jami'ar Texas suka yi wasa, kuma gurbin bayan sahu suka buga a NFL.

Yanzu hanyar ta ƙara kusantowa. Tun 2017 NFL ke da shirin shigo da 'yan wasa daga ƙasashen waje. Da jagorancin Umenyiora ta yi sansanin gwaji a Accra a 2022, a Nairobi a 2023, sannan a Legas a 2024, kuma wasu samarin Najeriya da ba su taɓa wasan ba sun samu shiga ƙungiyoyi ta wannan hanya. Saurayi mai tsawo da ke buga ƙwallon kwando a Gombe, ko mai kokawa a Sakkwato, yana da irin jikin da ake nema.

Sai dai lissafin yana da tsauri. Ko a cikin Amurka, waɗanda ake zaɓa daga 'yan wasan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Kowace ƙungiya mutum 53 take riƙewa a babban jerinta. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ta daɗe tana ƙiyasta cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar shekara uku ne da 'yan watanni, fansho kuma sai wanda ya cika kaka uku. Orakpo ya ninka wannan sau uku, yana cikin waɗanda suka fi sa'a, amma shi ma ya rasa mafi yawan kaka biyu saboda tiyata, kuma sau biyu yana ganin an kawo magajinsa yana nan tsaye.

Abubuwa uku ne iyaye da matasa za su riƙe. Na farko, karatu yana cikin hanyar kanta, kuma shi ke saura idan jiki ya ƙi. Na biyu, a kwantiragi abin dubawa shi ne adadin da aka lamunce da kuma wanda zai ɗauki nauyin jinya, ba jimillar da ake shelantawa ba. Na uku, duk dillalin da ya nemi a sayar da gona ko fili a ba shi kuɗi da alkawarin kai yaro wata ƙungiya a Amurka, a yi hattara da shi, domin sansanonin da NFL ta yi a Afirka a bainar jama'a aka sanar da su.

Akwai kuma nau'in wasan da babu karo a cikinsa, inda maimakon a kayar da mutum sai a zare ƙyallen da ke rataye a ƙugunsa. A 2023 kwamitin wasannin Olamfik ya amince da shi cikin wasannin da za a yi a Los Angeles a 2028, kuma tawagogin Najeriya, maza da mata, su ne suka ci gasar Afirka da aka yi a Alƙahira a 2025. Ba ya buƙatar hular kwano ko sulke, fili da ƙwallo da ƙyalle sun wadatar, abin da makarantar sakandare a Gombe ko Kano za ta iya tanada. Ta nan yaro zai iya koyon dokokin wasan da dabarunsa, ya gane ko yana da rabo a ciki, tun bai kai matakin da ake biyan kuɗin shiga da ƙirji da gwiwa da kai ba.